Takabar da Ta Karɓe Ki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban-girma, irin wadda 'ya ke durƙusawa ta yi, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Ko da kina raye ma sai an karanta miki, kuma ba za ki zauna ki saurara ba, za ki ce a bari sai kin kwashe tuwo. To yanzu ba ki da tuwon kwashewa, Inna, sai ki yi haƙuri ki ji ni.

Satin da ya wuce jiri ya kwashe ni a gaban murhu, a rumfar nan taki ta bakin tasha da na gada. Likita a Sakkwato ya ce jinina ya hau sosai, in ban sassauta wa kaina ba, in kuka da kaina. Tun da na dawo Illela nake tunaninki, kuma ba zan ɓoye miki ba, rabin tunanin haushi ne.

Tun da na yi wayo, bayanki na fi sani a kan fuskarki. Kullum kina duƙe a kan tukunya, hayaƙi na shiga miki ido. Direbobin da suka kwana a layin boda, da 'yan canji masu rungume da sefa, duk a hannunki suke karyawa. Suna sa loma suna yabo: ai Hadiza mai tuwo ba ta gajiya, mace mai kamar maza. Ke kuwa sai ki ƙara ƙaimi. Ban taɓa jin wanda ya ce ki zauna ki sha ruwa ba.

In na ce ƙafata na ciwo, amsarki ɗaya ce: "Mi za a yi da zama? Zama ba shi cika tukunya."

Shekarar da soja suka rufe boda, tasha ta mutu murus. Na yi murna a raina, na ce yau dai Inna za ta wuni a gida. Ina! Sai kika koma suyar ƙosai da asuba saboda masu bin hanyar daji zuwa Konni, da rana kuma ki ɗauki fura a ka har Gidan Katta. Aiki ya gudu ya bar ki, ke kika bi shi da ƙafa.

A daminar da ta biyo baya Baba ya kwanta, bai tashi ba. Kika shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita ba kwalliya. Kawu ya aiko da gero daga Konni, maƙwabta suna ba da abinci ta kan katanga. Wannan ne karo na farko da na ga an girka an ba ki.

Da farko zaman ya gagare ki. Kina kan tabarma amma hannunki na dama yana juyawa a kan cinya, yana tuƙa tuwon da babu. In kika ji ƙarar mota sai ki zabura. Sannu a hankali jikinki ya yarda. Wata rana bayan azahar na shigo na tarar kina barci, rana tsaka, baki a ɗan buɗe. Tsoro ya kama ni, na tsuguna na kai kunnena kusa da hancinki don in ji ko kina numfashi. Ban taɓa ganin kina barci da rana ba.

Jan idonki ya washe. Tarin nan na hayaƙi ya tsaya. Fason da ke dugaduganki, wanda kike cusa wa man kaɗe kina cije leɓe, ya haɗe da kansa.

Kin tuna ranar da kika zauna da la'asar kina kallon dogon yaron tsakar gida? Kika ce da ni: "Ke yarinyag ga, ashe inuwag ga har bakin ɗakina taka kawowa?" Ke kika dasa itacen da hannunki, kika yi ta ba shi ruwan wanke-wanke har ya girma, amma ba ki taɓa kai la'asar a gida kin ga inda inuwarsa ke kaiwa ba.

A inuwar nan kika yi min kitso da kanki, maimakon ki tura ni gidan makitsiya. Kaina na kan cinyarki kina ba ni labarin ƙuruciyarki a Kalmalo, yadda kuke faɗawa tafki ku tsinko bado, masunta na kora ku. Har dariya kika yi, sannan kika yi sauri kika rufe baki da gefen mayafi. Ashe kin iya iyo, Inna. Ashe kin taɓa zama yarinya.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na yi kukan Baba har na gode Allah, kuma har yau ina kewarsa. Amma watannin takabarsa su ne mafi daɗi a duk ƙuruciyata, don a cikinsu ne kaɗai na yi uwa. Wace irin rayuwa ce wannan, da sai an ɗauki gawa daga gida kafin mace ta samu ta miƙe ƙafa?

Sai Gwaggo Ai, yayar Baba, ta zo dubo ki. Ta kalle ki sama da ƙasa a gaban matan da suka rako ta, ta riƙe haɓa ta ce: "Kai, Hadiza, takaba ta karɓe ki! Wanga haske awa amarya." Matan suka yi 'yar dariya. Ke kuwa kika ja mayafi kika rufe hannuwanki da suka yi laushi, kamar kin sato su.

Washegari kika sa na jawo turmi. Kika aika maƙwabta su kawo surfe, tunda daka ba ya buƙatar fita. Kika rage cin abinci, kika daina kwanciyar rana. Kafin ki fita takaba kin dawo da ramarki, kanta ta sake fito miki a tafin hannu, kowa hankalinsa ya kwanta. Allah ya ba ki zama, ya ma wajabta miki shi, bakin mutane ya ƙwace.

Ina jin haushin Gwaggo, Allah ya jiƙanta. Amma ke ma ina jin haushinki. Magana ɗaya ta mace ɗaya ta fi miki nauyi a kan kaina da ke kan cinyarki.

Shekara uku bayan haka kika faɗi a rumfa da muciya a hannu. Ɓarin jikinki ya shanye, bakinki ya karkace, ba ki ƙara magana ba har kika cika. Masu cewa ba kya gajiya, a ranar suka matsa rumfar gaba suka ci tuwonsu. A zaman makoki kuwa Gwaggo ta share hawaye ta ce: "Baiwar Allah ta huta." A nan kam ba wanda ya yi dariya, hutun nan an yarje miki shi.

Na ɗauki muciyarki, kuma na ɗauki halinki. Rumfar nan ba ta taɓa wuni a rufe ba sai don haihuwa ko rasuwa. Shi ya sa a tasharmu in aka ga murhu ba wuta, ba a tambayar ko lafiya, abin da ake cewa shi ne: "Wa ar rasu?" Tambayar nan nake tsoro, Inna, fiye da maganar likita. Yanzu na kai shekarun da ke ba ki kai ba, ga 'yata Safiya da nata 'ya'yan, ita ma na lura ta fara cin abinci a tsaye.

Gobe Lahadi, ranar kasuwa, ranar da ciniki ya fi kowace rana. Ba zan hura wuta ba. Na sa an shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaronki, yana nan, ya ƙara girma. Zan jiƙa ƙafata a ruwan ɗumi, in ci abin da wani ya dafa, in yi barci rana tsaka baki a buɗe, kuma duk mako haka za a yi. In na yi haske, in yi. Na ce wa Safiya in masu babura suka zo suna tambaya wa ar rasu, ta ce musu ba kowa, kuma don kada a rasu ɗin ne. In ta gama ba su amsa, ta zo ta kwanta kusa da ni.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki, ya yafe wa Baba da Gwaggo. Ya yalwata makwancinki, ya sanyaya shi, ya ba ki inuwar da ba wanda zai zo ya tashe ki daga cikinta. Ni kuma ya ba ni ikon zama kafin a kwantar da ni.

Taki har kullum,
'yarki ta fari, wadda kunya ta hana ki kiran sunanta.