Kun hana gishiri, ba ku ce komai kan toka ba

Zuwa ga Shugaban asibitin da ake yi wa mijina wankin ƙoda,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ce matar Malam Sale, manomin da nake kawowa daga ƙauyenmu na ƙasar Kunci duk Litinin da Alhamis. Hankalina ya ƙi kwanciya, shi ya sa na ɗauki biro.

Na farko, ranar da aka fara yi masa wanki, abin da aka ce mini kawai shi ne a daina gishiri da kanwa. Na daina. Amma miyar kuka ba ta yin daɗi haka nan, sai na koma abin da iyayenmu suka koya mana: na ƙona karan gero, na tace ruwan tokar, ina zubawa. Har murna nake wai na yi dabara. Masu dubiya kuma kowa da dabino da ayaba, Malam bai iya ƙin kyautar zumunci ba.

Na biyu, ran Litinin ɗin makon jiya ya gaya wa ma'aikacinku ƙafafunsa sun yi nauyi, leɓensa na zugi, zuciyarsa na tsalle. Aka ce gajiyar hanya ce. Ba wanda ya tambayi abin da yake ci. Ran Laraba ya faɗi a bakin rumbu. Sai da aka ɗebi jininsa likita ta ce wani sinadari mai suna fotasiyam ne ya taru, tunda ƙoda ba ta fitar da shi, saura ƙiris ya tsayar da zuciyar. Ta ce toka da dabino da ayaba duk cike suke da shi.

Wata biyu ina zuba wa mijina wannan da hannuna. Wallahi ina jin haushin kaina, ina kuma jin naku.

Roƙona: ku rubuta mana da Hausa abin da za a ci da wanda za a bari, da sunayen abincinmu na ƙauye. Wanda ya ce ƙafarsa ta yi nauyi, a auna jininsa kafin a sallame shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon gyarawa. Malam yana raye, alhamdu lillahi. Yanzu haka tukunya na kan murhu, ina tsaye da ludayi, ban san abin da zan zuba ba.

Wassalam.
Hadiza, matar Malam Sale