Fuskar da Ka Zana a Bayan Motar Alhaji Mudi

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka amsa ba, ba kuma za ka karanta wannan ba. Abin ya ba ni dariya, don a rayuwarka ba ka taɓa ganin takarda ka wuce ba, ko ta ƙunshin ƙosai ce sai ka warware ka duba. Yau ga wadda aka rubuta da sunanka, kai kuma kana ƙarƙashin ƙasa.

Gida lafiya. An cire masara, waken suya bai yi kyau ba bana. Ƙafar Inna na nan yadda ka bar ta. Akwatin littattafanka na ƙarƙashin gado, gara ta fara cin na ƙasan, ni kuma ban hana ta ba.

Maganar motar Alhaji Mudi na zo yi maka. Ka tuna ranar da ka zaunar da ni a kan garwar fenti a garejin Funtua, ka ce kada in motsa? Na ɗauka abin arziki ne. Na ɗauka yau ubana ya dube ni. Ashe fuska kake nema, tawa ce kuma mafi kusa. Ka zana saurayi da rago a kafaɗa, mutane na binsa da sanduna. Ka sa masa hancina da kunnuwana, har tabon girata ba ka manta ba. Duk ƙasar nan babu mai hannunka, shi ya sa babu wanda ya kasa gane ni.

Kai da ka tsufa a wannan sana'a ka fi kowa sanin cewa mutanenmu ba sa duba lambar mota. Da zanen bayanta suke kiranta. Manomi zai ce ya ɗora buhunansa a mai zaki, ko a mai jirgin sama. Wannan kuwa ta zama motar ɓarawon rago. Ta je Maska, ta je Tsiga, ta je Malumfashi, duk kasuwar da ta ci tana can da fuskata. 'Yan dako su hango ni su ce a ɗaure dabbobi, ga maigidan ya iso. Masu shayi su tambaye ni ko na sayar ne ko na yanka. Na yi dambe a tasha har na gaji.

Da na yi maka magana me ka ce? Ko kai ba ka ɗago ba. Ka ce daga wani littafinka ka ɗauko zanen, yaron kuma shi ne gwarzon labarin, wai girmama ni ka yi, in na karanta zan gane. In karanta da me? Ka koya mini? Kai ne kake kwanciya a inuwar mota kana jiran fenti ya bushe, tabarau a hanci, kana yi wa takarda murmushin da ba mu taɓa samu ba a gida. Mutanen cikin littafi ka san sunayen kakanninsu. Ni ka san shekarar da na daina zuwa makaranta?

To, na koya, ba don kai ba. Da rubutun jikin motoci na fara, sai allunan shaguna, ina haɗa baƙi da baƙi kamar mai tsintar auduga. Bayan rasuwarka na ɗauko littafin, na bi shi da yatsa har ƙarshe. Gaskiyarka, yaron ba mugu ba ne. Ragon uwarsa ne aka ƙwace, ya je ya ɗauko abinsu. Na yarda labarin ya yi daɗi, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Amma Baba, wa ya karanta shi a kasuwar Tsiga? Kai ka ga shafi ɗari, su kuma sun ga ɓarawo. Ka taɓa tunanin haka, ko a ganinka duk duniya a cikin akwatinka take zaune?

Ba ka san Bilki ba. 'Yar Malam Isiyaku ce, mai sayar da taki a Tsiga. Ita kaɗai ce ba ta taɓa kirana da sunan nan ba. Da Kawu Sale ya je nema mini aurenta, mahaifinta ya karɓe shi da mutunci, sannan ya ce shi bai taɓa jin na ɗauki kayan kowa ba, amma uba ya fi kowa sanin ɗansa, kuma bai ga dalilin da uba zai zana ɗansa a haka ba in babu wani abu. Kawu ya fara ba shi labarin littafin da ka ɗauko zanen, Malam ya dubi agogo.

Na roƙi Alhaji Mudi a shafe zanen. Ya ƙi. Ya ce aikinka na ƙarshe ne, kuma da shi manoma suka san motarsa. Da na matsa masa, ya ce ɓarawo da rago su tsaya, fuskar kuwa in yi yadda na ga dama.

Sai na ɗauko buroshinka. Ya bushe ƙamas, sai da na jiƙa shi da kananzir. Na shafe fuskata, na sa taka. Tabaranka, furfurar gemunka, hular nan da ta sha fenti. Tunda kana ƙaunar yaron nan haka, kai ka zama shi. Ko hoto ban duba ba. Hannuna ya san fuskarka fiye da yadda nake so, kuma duk wanda ya gani cewa yake kamar kai ka zana. Ban ji daɗin wannan yabon ba.

Inna ta ga motar a bakin titi. Tun ranar, a ƙofar ɗaki take ajiye mini tuwo, ba ta kiran sunana. Malam Isiyaku ma ya gani. Ya aiko wa Kawu cewa a da shakka yake yi, yanzu ya tabbata: wanda zai yi wa ubansa haka yana kabari, ba zai ba shi 'yarsa ba. An sa ranarta da wani mai kemis.

Ka gani? Kana raye ka ɓata mini suna, ka mutu ka ƙarasa sauran, da hannuna kuma.

Ina yi maka addu'a bayan kowace sallah, don hakkinka ne. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Yafiya kuwa ban kai wurin ba tukuna, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba.

Na sake duba ƙarshen littafin jiya da hantsi. A can, yaron ya samu yarinyar da yake so.

Sai mun haɗu.

Ɗanka Nafi'u, wanda ka zaunar a kan garwa.