Auta, Ka Kira Mama Kafin Lahadi

Zuwa ga ƙanina Ishaya, wanda a Takoradi ta ƙasar Gana ake kira Elda Bitrus,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokin aikinka da duk waɗanda kuke tare. Ni ce Yayarka Rahila, daga Alƙahira. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya sa lafiya, amin.

To, gaisuwa ta ƙare. Gyara zama, Auta.

Ka san ba halina ba ne in baje zancen gidanmu a shafina na intanet kowa ya karanta. Dole ce ta sa. Yau Alhamis, ku kuma 'yan mishan na Mormon ba kwa buɗe imel sai Litinin, shi ma awa ɗaya tak. Wayar da ke hannunku ta aiki ce, ba ka taɓa ba mu lambar ba. Shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa wani ya san wani a Takoradi, ya buga ta a takarda ya danƙa maka. Ai ba ka da wuyar ganewa. Duk wanda ya ga dogon yaro baƙi da farar riga da naktaye a wuya cikin tsakar rana, da wani Bature yana binsa kamar jela, kai ne.

Ranar Lahadi da safe za a yi wa Mama aikin zuciya. Kada ka ce yaya za a yi aiki ran Lahadi, a nan Juma'a suke hutu. Mama tana son ta ji muryarka kafin a shiga da ita, kuma wannan ne kaɗai dalilin takardar nan.

Na san yanzu ka riƙe baki kana cewa wane irin aikin zuciya. E, na yi maka ƙarya. Na ce maka mun zo duba lafiya ne kawai. Kowace Litinin na rubuta maka cewa jiki da sauƙi. Mama ce ta ɗaure ni, ta ce, "Kada ki tayar masa da hankali yana ƙasar mutane." Na bi umarninta. Amma kai ma, haba! Wa ka taɓa gani ya sayar da fili ya hau jirgi ya zo Masar don a auna masa hawan jini? Ba ka yi tambaya ba ko sau ɗaya.

Ka tuna ranar da muka raka ka tasha a Jos? Ka tsaya da sabuwar jakarka kana karanta mana dokoki kamar alƙali. Shekara biyu ba zuwa gida. Ba talabijin, ba ƙwallo, ba budurwa. Waya sau biyu a shekara, Kirsimeti da Ranar Uwa. Mama ta lanƙwasa yatsu biyu ta riƙe su a haka har motarku ta fita. Babu wanda ya tambaye ka yaushe ce Ranar Uwar, kai ma ba ka faɗa ba. Ni na ɗauka rana ce guda a duk duniya, kamar Kirsimetin.

Mun iso nan a Fabrairu. Muna unguwar Darrasa, a gidan Malama Sa'adatu, 'yar Hajiya Ladi maƙwabciyarmu ta Tudun Wada, wadda mijinta ke karatun addini a nan. Sun ba mu ɗakin 'ya'yansu, su kuma yaran suna kwana a falo. Hawa na huɗu ne, ba na'urar hawa, Mama sai ta huta a kowane hawa kafin ta ci gaba. Malama Sa'adatu ce bakinmu da kunnenmu a garin nan. Ita ke shiga da mu ƙaramar bas zuwa asibiti a unguwar Muhandisin, ita ke faɗa da direba, ita ke fassara mana likita. Yau an rufe hanya ana zanga-zanga, gobe babu man mota, jibi likitan bai zo ba. Duk wanda ka yi wa ƙorafi sai ya ɗaga kafaɗa ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri. Na ji ma'alish a garin nan har ta fita raina.

A farkon Maris likita ya ce a yi aikin cikin makon. Muka yarda, aka sa rana. A hanyar komawa muka ratsa ta kasuwar Ataba, muka ga shaguna cike da kofuna da faranti da mayafai, duk an ɗaure su da jan ƙyalle. Mama ta tambaya ko biki ake. Malama Sa'adatu ta ce shirin Ranar Uwa ne, ran ashirin da ɗaya ga wata, kuma Misirawa ba sa wasa da ita.

Auta, da ka ga fuskar Mama a cikin bas ɗin nan. Tun da muka baro Jos ban ga haƙoranta ba sai ranar.

Washegari ta ce wa likita babu wuƙar da za ta taɓa ta sai ashirin da ɗaya ta wuce. Mutumin ya dafe kai, ya yi ta zuba Larabci, Malama Sa'adatu ta fassara rabi ta haɗiye rabi. Mama ko gezau. Ta ce ɗanta zai kira, kuma ba za ta amsa masa da robar iska a hanci ba. Ni kuma, sakarya, na goya mata baya. Na ce ai mako uku ne kawai. Da bakina na faɗa, ina nan ina cizon yatsa.

Ranar ta zo. Tun da safe Mama ta yi wanka, ta ɗaura zanen zumuntar matan coci, ta sa na jawo mata kujera bakin taga, inda layi ya fi ƙarfi. Duk gidan benen waƙoƙin uwa ke tashi daga rediyo. Mutane na ta hawa da sauka da kwalaye a hannu, kowa ya zo gaida tsohuwarsa. Aka ɗauke wuta da hantsi, na sauka da gudu na roƙi mai sayar da ruwan rake na bakin titi, da yake yana da janareta, ya sa mana wayar a caji, na tsaya a kanta kamar mai gadi don kada ta yi ƙara ba na kusa.

Sau biyu ta yi ƙara. Na farko wani Balarabe ne ya yi kuskuren lamba. Na biyu Kawu Yohanna ne, kuma Mama ta katse shi tun bai gama gaisuwa ba, wai kada ya tare layi. Kawu guda! Abincin rana na kawo mata ta ce in ajiye, kada ka kira bakinta cike. Har aka kira Magariba a babban masallacin unguwar tana nan zaune. Sannan ta miƙo min wayar ta ce, "Wataƙila layin ƙasarsu ne ba kyau." Ta shiga ɗaki ta kwance zanen ta ninke.

Ni kuwa zaginka na yi, ba zan ɓoye maka ba. Na zage ka tas a raina, na haɗa da Baturenka.

Na rubuta maka ina tambaya ko lafiya. Litinin amsarka ta zo, har da alamar dariya. Wai, Yaya, ai Ranar Uwa sai Lahadi ta biyu a watan Mayu. Mayu! Ashe ku lissafin Amurka kuke bi, mu muna nan muna bin na Masar, kowa da ranar uwarsa kamar kuɗin ƙasa. Layi ɗaya ka ba zancen, sai ka wuce. Ka cika shafi da labarin karen da ya bi ku har ya yaga maka ƙafar wando, da matar da ta yarda a yi mata baftisma mijinta ya kore ku da taɓarya, da yadda yara ke yi maka dariya in ka yi yaren Fante. A ƙarshe kuma har da tambayata ko na fara karanta littafin da ka bar min. Ban fara ba, Ishaya. Yana Jos cikin akwati, ni ina nan ina karanta takardun gwajin jini.

Na fita unguwa ina raba ido ko zan ga masu farar riga irinka in kama su in ba su saƙo. Mijin Malama Sa'adatu ya ce in daina wahalar da kaina, a ƙasar nan ba a ba ku izinin bin gida-gida ba. Wato inda ake nemanku babu ku, inda ake sako muku karnuka nan kuka cika.

Kada ka ɗauka ban san kana shan wuya ba. Na sani. Duk wasiƙunka ni nake karanta wa Mama, wasu sau uku. Kai da sai an yayyafa maka ruwa kake tashi ƙarfe tara, yau kai ne mai tashi shida da rabi kana karatu. Kai da ba ka taɓa wanke ko safa ba, yanzu kowace Litinin kana durƙushe kan bokiti da fararen riguna. Ka ce tafin takalminka ya huje har kana cusa kwali. Ka ce wata rana kun ƙwanƙwasa ƙofa tun safe har yamma babu wanda ya ce ku shigo, sai wata tsohuwa da ta ba ku ruwa don tausayi. Ka ce abokin naka ya kwanta zazzaɓi yana kuka yana kiran uwarsa, kai ka yi jinyarsa, tunda doka ta hana ɗayanku fita ba ɗaya. Da na karanta wannan Mama ta ce, "Allah sarki, ɗan mutane." Ta yi masa addu'a da sunansa, duk da ba ta iya faɗarsa daidai ba.

Kuma tun da ka ce addininku ya hana shayi, ita ma ta bari. A garin da ko wurin mai gyaran takalmi ka tsaya sai an miƙo maka kofin shayi! Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce in yaro zai iya haƙura ita ma za ta iya. Ba cocinku take ba, ba ta ma gane rabin abin da kuke koyarwa ba. Kai take bi.

Ni dai har yau ban saba da a kira ka Elda ba. Dattijo, wai! Yaron da na goya har bayana ya yi ciwo. Amma na ga ka tsaya a kan abin da ka yarda da shi, ka jure abin da ban zata za ka jure ba, kuma ina alfahari da kai ko da ina jin haushinka.

Jiya Laraba aka sake gwaji. Likita ya kira ni waje, ya bar Mama a ciki. Ya ce makonnin da muka ɓata sun ci zuciyar, ba sauran jira, Lahadi, khalas, magana ta ƙare. Na tambaye shi ko za ta tashi. Ya yi magana mai tsawo, Malama Sa'adatu ta fassara min tana kallon ƙasa. Bai yi alkawari ba. Ina jin tsoro, Auta. Tun da Baba ya rasu ban ji irin wannan tsoron ba.

Ga abin da za ka yi. Ka je wurin shugabanku, wannan da kake yawan yabo a wasiƙunka, ka ba shi takardar nan ya karanta, in ba ya jin Hausa ka fassara masa ba tare da ka rage komai ba. Ka roƙe shi izinin kira ɗaya. Mutum ne, uwa ce ta haife shi. Ba shi nake tsoro ba, kai nake tsoro, don na san halinka. Tun kana ƙarami ka gwammace ka kwana da yunwa da ka ce a ƙara maka tuwo. Za ka zauna ka ce doka doka ce, ka yi azumi da addu'a, ka ƙi buɗe baki ka tambaya. Yi addu'arka, muna so. Amma ka tashi ka je.

Lambar Masar ɗin da na turo maka tun Fabrairu ita ce har yanzu. Mun riga ku da awa biyu. Ƙarfe takwas namu za a shiga da ita, shida kenan naku, kafin ma agogonka ya tashe ka. Saboda haka kada ka yi lissafi da Lahadi. Gobe ko Asabar.

Mama ba ta san na rubuta wannan ba. In ta ji za ta yi fushi da ni, na yarda ta yi, Allah ya ba ta kwanakin da za ta yi fushin.

Da safen nan na yi mata kitso, don an ce a zo da kai a gyare. Da na gama ta ce in kawo waya in danna wurin ɗaukar murya. Ta ce, "In ya kira a Mayu ban samu dama ba, sai ki kunna masa." Na ce Mama wace irin magana ce wannan. Ta ce in danna kawai. Na danna.

Ta gyara murya, ta kira sunanka, ta ce, "Ishaya, ka ci abinci?" Sai ta yi shiru tana jiran amsa. Ta daɗe tana jira kafin ta tuna, ta ci gaba. Shirun yana nan a cikin wayar, na kasa goge shi, na kuma kasa sake saurara.

Ba na son in kunna maka abin nan, Auta. Don Allah kada ka sa ni. Ka kira ka ba ta amsarta tana ji.

Allah ya kai takardar nan hannunka da wuri. Ya tausasa zuciyar wanda za ka roƙa, ya buɗe bakinka ka roƙa ɗin. Ya riƙe hannun likita ran Lahadi, ya tashi kafaɗar Mama, ya saka wa mutanen gidan nan da suka riƙe mu kamar jininsu. Ya tsare ka a hanyoyin da kake bi, kai da ɗan mutanen da ke tare da kai. Amin.

Taka har kullum, mai jin haushinka, mai kewarka,

Yayarka Rahila,
Darrasa, Alƙahira.