Laimar da Ka Riƙe wa Baƙo

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Ban Ruwa ta Sashenmu,

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka da iyali, da sabuwar wayar salular nan da kake ɗagawa sama a bakin kanal kana neman sabis. Ni ne Habibu ɗan marigayi Malam Isa, mai gonar tumatir a tsakiyar layinmu ta ɓangaren hanyar Bunkure. In sunan bai faɗo maka ba, ni ɗin nan dai, zabiya, ƙanen marigayi Sabo. Na je gidanka an ce kana Kano. Na tare ka a ƙofar masallaci ka ce in bari sai ranar taro. Ranar taro kuma ka ce lokaci ya ƙure. Shi ya sa na rubuto a fili, ko wani zai karanta maka.

Na ɗaya. Kowa ya san tsarinmu: mai geti ya buɗe ruwa da asuba, na bakin kanal su fara sha, ruwa ya yi ta gangarowa gona gona. Kafin ya iso wajena hantsi ya wuce, rana ta miƙe tsaye. Ban ruwa kuwa ba a yin sa daga gindin mangwaro. Dole mutum ya tsaya da fartanya, ya buɗe wannan fangali, ya toshe wancan, har azahar ta gota.

Na biyu. Ka taɓa ce mini ranar da ke dukana ita ke dukan kowa. Gaskiya ne, ranar ɗaya ce, fatar ce ba ɗaya ba. Kai in ka wuni a gona gumi za ka yi, ka sha fura, ka warware. Ni kafin fangalin farko ya cika ƙeyata ta yi ja. Kafin a kira azahar kunnuwana sun fara raɗaɗi kamar an goga musu barkono. Washegari sai ƙuraje masu ruwa, bayan nan fata ta yi ta saɓulewa, matata Rabi tana shafa mini man shanu tana tsaki. Malafa ina sawa, da riga mai dogon hannu, har rawani na taɓa naɗawa yara suka dinga yi mini gaisuwar hakimi. Amma hasken da ke dawowa daga kan ruwa ta ƙasa yake zuwa, ya sami haɓa da leɓe, kuma ba a riƙe fartanya da hannu a aljihu. Tumatirin da muke yankawa mu shanya a bakin titi ya fi ni gata, don shi in ya bushe ana zuwa a kwashe shi.

Na uku. Na nemo wa kaina mafita ba tare da na wahalar da kai ba. Malam Sule, wanda gonarsa ke bakin kanal, ya yarda a bar ruwan safe ya wuce zuwa wajena, shi ya karɓi na rana. Ya ce shi rana ta gama abin da za ta yi masa tun kafin a haife ni. Mai geti ya ce sai da izininka. Ka hana. Ka ce in aka canza wa mutum ɗaya kowa zai zo da nasa uzurin. Alhaji, na ƙirga zabiyoyin layinmu tun daga sama har ƙasa, ban wahala ba. Ni kaɗai na rage.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyata ta ɓaci. Na ɗauka ba ka san yadda rana ke yi wa farar fata ba, har na yi maka uzuri. Sai ga wancan Baturen da ya zo duba aikin noman rani kwanakin baya. Bai gama gaisawa da dattawa ba fuskarsa ta nuna kamar za a tsinke ta a kai kasuwa. Wa ya fara lura? Kai. Ka aika a guje aka ɗauko laimar matarka Hajiya, mai furanni. Kai da kanka, da babbar rigarka, ka riƙe masa ita kana bin sa a kan gaɓar kanal, takalminka ɗaya ya maƙale a taɓo ba ka ko waiwaya ba. Ka sa aka mayar da taron gindin mangwaro, kana ta bayani cewa irin fatarsu ba ta son rana. Ina tsaye a gonata cikin ruwa ina jin ka. Ashe kai masani ne. Shi baƙon ya koma garinsu da daddare, ni ina nan inda ka bar ni.

Na biyar. Ka san Yaya Sabo. A gonar nan ya yi ban ruwa, a wannan lokacin na rana. Wani ɗan miki ya fito masa a bayan kunne, muka yi ta sa masa magani muna cewa zai warke, bai warke ba. Kai ka kama makararsa ta gaba, ban manta ba, na kuma gode. To bana irin wannan mikin ya fito mini a wuya. Likita a Kano ya yanke shi, ya ce in na ci gaba da tsayuwa a rana tsaka zai dawo. Gonar nan kuwa ita ce abincin 'ya'yana da na Yaya Sabo, ba zan iya barinta ba. Wasa nake yi a takardar nan, amma wallahi tsoro nake ji.

Buƙatata ba ta da yawa. Ka ce wa mai geti ka amince da musayar da muka yi da Malam Sule. Magana ce ta baki, ba sai ka sauko daga babur ba. In kuwa dokar ba ta taɓuwa, to ranar ruwanmu mai zuwa ka zo da laimar Hajiya. Na ga ka iya riƙe ta.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci shinkafarka, ya sa ka cikin inuwarsa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Ni tawa inuwar tun a nan nake roƙo, kuma a bakinka take.

Wassalam.

Naka,
Habibu Malam Isa