Katin Gidanmu Har Yanzu Bayansa Fari Ne

Zuwa ga maigidana da ya gudu, jikana Muntari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da kawunka Sale da iyalinsa a Abaji. Mu nan Kubwa lafiya lau, in aka cire gwiwata da kuma kai.

Da hannuna na rubuta wannan, da 'yar bokon da na tsinta a ajin manya, na ba uwarka ta ɗora a shafin da kuke taruwa a waya. In na kira ba ka ɗauka, amma an ce kullum ana ganin ka a can. To bari in same ka a gaban mutane. Masu leƙe, ku leƙa da kyau.

Sati uku ke nan. Sakamakon jarrabawar Turanci ya fito, makin da masu ba da tallafin karatu a ƙasar waje suke nema ya kuɓuce maka da ɗan kaɗan, ka ɗauki jaka wai za ka taya kawu haƙar doya. Kai da in ka riƙe tsintsiya sai ka wuni kana duba tafin hannu. Juma'ar nan za a rufe rajistar sake zama, in ta wuce kuma gurbin ya zama na wani. Babanka ya ce shi ba zai roƙe ka ba. Ni ma ba roƙo ya kawo ni ba, tsiya ce.

Ka tuna yadda muka fara? Kana haddace kalmomi ɗaya-ɗaya, da safe su shiga, kafin la'asar sun fice. Na ce maka ba a sanin mutum shi kaɗai, in baƙo ya yi sallama abin da ake fara tambaya shi ne ɗan gidan wa ne. Ka yi dariya, daga baya ka dawo kana sosa ƙeya, ashe malaminku ma haka ya ce, kalmomin Turanci dangi gare su.

Sai na jawo gwangwanin da nake tara katin biki. Garin nan kowace Asabar aure, kati kuwa kamar faranti, da ruwan zinari, bayansa fari tas. Muka yi doka: kowane kati gida ɗaya, uba da uwa da 'ya'ya, har da ɗan da ya bijire yana faɗin akasin abin da gidan ke faɗi.

Rubutu naka, zaɓe nawa. Ka gaya min ma'ana, ni in nemo gidan da ya dace. Extravagant da extravagance da sauran 'yan ɓarnar kuɗi suka sauka a katin Alhajin da ya sa aka kawo furanni a jirgi. Hesitate, hesitant da hesitation muka kai su gidan da aka ɗaga biki sau uku. In na zo tambaya ba na karya harshena, sai dai in ce gidan Alhajin furanni, kai kuma ka jero su kana dariya. Ba ka taɓa manta ko ɗaya ba.

Ranar da ƙawata Ladidi ta ga katin 'yarta a kan tire, ta juya, ta tambaya rubutun mene ne, ka sunkuyar da kai ka ce kalmomin yabo ne. Miser da danginsa ne, gidan rowa. Ladidi, in kina karantawa ki yafe mana, amma ke ma kin san lemo ɗaya bai isa mutum uku ba.

Yanzu in la'asar ta yi sai in ɗauko gwangwanin, in zube, in tattara, in sake zubewa. Shekaranjiya na ji bakina yana kiran gidan Alhajin furanni, ba wanda ya amsa sai fanka. Mota ta tsaya a bakin layi, sai ga ni a ƙofa ba takalmi. Jiya sau biyu na sa wa miya gishiri, babanka ya cinye tas, wannan ma ya ƙara dagula min lissafi. Kati huɗu sababbi sun shigo, na riga na san halin gidajen, mai rubutu ne babu.

Na san abin da ya kore ka, Muntari. Ba makin ba ne, sallamar da ka riga ka yi wa mutane ce. To mutane sun manta, suna can suna neman ankon wani bikin.

Kuma ka sani, in ka ci, ni ce da asara. Ƙasar sanyi za ka tafi shekara biyu, ban san ko za ka dawo ka tarar da ni a kan tabarmar nan ba. Na yi wannan tunanin har na gaji da shi. Duk da haka gara in yi kewarka kana can kana karatu, da in yi kewarka kana Abaji kana ɓuya.

Akwai kati ɗaya a ƙasan gwangwanin, siriri, ya yi ja don tsufa, na auren iyayenka. Sau biyu ka so yin rubutu a bayansa na hana, na ce ban ji kalmar da ta kai gidanmu ba tukuna. To lokaci ya yi. In ka iso ranar Alhamis, za ka rubuta wadda ka ce tana nufin a dage ko da wuya, persevere, ita da 'ya'yanta. In ba ka iso ba, na riga na tambayi malamar da ke maƙwabtaka da mu kalmar mai gudu daga fage. Ta ce akwai, kuma danginta da yawa. Ita za ta rubuta, kai kuma in ka yi 'ya'ya ka yi musu bayani.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya buɗe maka ƙirji, Ya sa abin da ka haddace ya amsa kira ranar da ka neme shi. Allah Ya tsare hanyar Abaji, Ya kawo min kai da rana tsaka, ina gani. Amin.

Na ɗora biro a kan katin.

Matarka ta fari,
kakarka Hajiya Yalwa