Ramin Ƙofar Gidanmu

Karantina, Jidda

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Yaya Rabi da yara. Ya jikin Kawu Ado? Ya ruwa a Damagaram? Mu nan alhamdu lillahi, sai gajiya.

Ka san ofishin masu tsara hanyoyi da nake dafa wa shayi. Watannin baya na ga sunan layinmu a allon ayyukan bana. Bakina bai yi shiru ba, na shaida wa duk unguwa za a zuba mana kwalta. Aka kuwa zo, aka haƙe layin tun daga masallaci har bakin titi, sannan motocin aikin suka tafi. Da na tambayi injiniya, ya ce aikin Hajji ya matso, an mai da kuɗin kan hanyar alhazai, namu sai kasafin baɗi. Ya miƙo mini kofinsa ya ce, "Halas, zance ya ƙare, Musa, haƙuri."

Wata huɗu ke nan mota ba ta shigowa. Inna kuwa sau uku a mako ake mata wankin ƙoda, keken da nake tura ta a kai ba ya bi ta ramin, goya ta nake yi har titi. In mun wuce, maƙwabta su ce, "Sannu, mai kwalta."

Ku sa mu a addu'a, ka gaida kowa da kowa. Inna ta ce in gaya maka kada ka damu, ba ta da nauyi. Gaskiya ta faɗa, Yaya, kowane mako nauyin raguwa yake. In da hali, ka zo bana.

Ƙaninka,
Musa