Tagar da Inna ke ganin Baƙi'a

Madina, watan Rajab

Zuwa ga Yayana Abdulmajid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Kano, kai da Yaya Hafsatu da yara. Mu nan alhamdulillahi. Suhaila ta yaye ɗanta. Ubaidullah yana nan da aikinsa na garin Yanbu, ya zo ƙarshen mako ya yi ta ba mu umarni kamar shi ya girme mu. Ciwon ƙafar Inna da sauƙi, amma saboda ita na ɗauki biro.

Ka san abin da ya hana ta barin benen nan tun rasuwar Baba, duk da wuyar hawa. Mata ba sa shiga maƙabartar Baƙi'a, don haka tagar ɗakinta ce ziyararta. Ranar da kuka dawo daga binne shi, kai ka tsaya da ita a tagar ka nuna mata wajen da yatsa. Tun daga nan, kullum da hantsi sai ta tsaya ta yi masa sallama da addu'a, wani lokaci har ta ba shi labarin gida.

Bara aka tayar da wani bene a filin gabanmu, ya fi namu tsawo, kuma ya matso mu har in matar gidan can tana juya shayi muna jin ƙarar cokali. Mu da muka tashi a tsakar gida a unguwar Sih muna shan iska ba ko ɗankwali, yanzu a falonmu da mayafi muke zama. Ginin ya rufe Baƙi'a duka, sai ɗan tsagi tsakaninsa da na gefensa, kuma cikin ikon Allah wajen Baba a tsagin ya faɗo. Sai dai kafin ta hango shi dole ta manna fuska da gilashi ta karkata kai, daidai saitin ɗakin kwanan mutanen.

Maigidan, wani malamin makaranta mai suna Siddiƙ, ya tare Ubaidullah a bakin masallaci, ya ce wallahi aibu ne, wata tsohuwa tana leƙen iyalinsa kowace safiya, matarsa ta daina ɗaga labule. Ka san ƙaninka da jin kunya a gaban maza. Bai tambayi kowa ba, ranar da na kai Inna asibiti ya kawo ma'aikata suka sa farin gilashin nan da haske ke shiga amma ido ba ya wucewa, suka kafe shi.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Washegari da hantsi ta je ta tsaya gaban farin gilashin, ta yi sallama, ta kasa kunne kamar mai jiran amsa. Haka ta yi ta yi wata da watanni. Ashe matar Siddiƙ, Wafa, tana ganin inuwarta a jikin gilashin, tsaye ba motsi, har abin ya hana ta sukuni ta zo ta tambaye ni. Da na gaya mata, kuka ta yi. Mijinta da kansa ya zo ya nemi afuwa, ya ce a buɗe. Aka cire gilashin, sai ga bango. An ƙara gini a gefe, tsagin ya rufe, ba wanda ya san tun yaushe take gaida siminti.

Wafa ta ce ai ta tagar bayan gidansu Baƙi'a gaba ɗaya a fili take, Inna ta zo kullum in tana so. Na kai ta, ina murna. Ta daɗe tana dubawa, filin ƙasa da ƙananan duwatsu duk iri ɗaya, ba suna ba alama. Sannan ta juyo ta tambaye ni wanne ne shi. Ni ban sani ba. Ubaidullah yana Yanbu ranar jana'iza, shi ma bai sani ba. A hanyar komawa ta ce min, a hankali, mun ɓatar mata da shi. Tun ranar ba ta ƙara tsayawa a kowace taga ba, abinci ma sai na matsa mata, kuma ina tsoron abin da nake gani a fuskarta.

Don Allah, Yaya, ka zo Umra a azumin bana, kada ka ɗaga zuwa baɗi. Na san shekaru sun ja, na san an binne mutane da yawa a wajen bayan Baba. Ba na tambayarka ko ka tuna, kuma kada ka gaya min. Ka tsaya da ita a tagar Wafa ka miƙa yatsa kawai, kai kaɗai za ta yarda da shi.

Ka gaida Yaya Hafsatu, da Kawu Badaru, da Zulaiha da Balarabe. Suhaila da Ubaidullah suna gaishe ka. Inna ba ta san na rubuto ba.

Ƙanwarka,
Sakinatu